Kek Biyu a Biki Ɗaya: Tarihi da Amfanin Kek ɗin Ango

Wanda aka gayyata bikin aure a jihohin kudancin Amurka, irin su Teksas, Luwiziyana, Alabama ko Jojiya, zai iya tarar da kek biyu a zauren walima. Na farko shi ne wanda kowa ya sani: fari fat, hawa uku ko huɗu, an ƙawata shi da furanni, kuma shi ne ango da amarya ke haɗa hannu a kan wuƙa su yanka, masu hoto na ɗauka. Na biyu yana gefe a kan nasa teburin, gajere ne, mai duhun launi saboda cakulan, kuma sau da yawa an fasalta shi kamar filin ƙwallo, ko kifi, ko jita, ko tambarin jami'ar da ango ya gama. Wannan shi ake kira kek ɗin ango. Baƙon da bai san al'adar ba zai ɗauka ƙarin ɓarnar kuɗi ne irin na bukukuwan zamani, amma abin ya haura shekara ɗari ana yinsa, kuma da wata bukata ta zahiri ya faro. Abin da ya hana shi ɓacewa shi ne ya bar aikinsa na farko ya kama wani. A ganina sabon aikin yana da daraja, sai dai tsohon ya fi shi, kuma an yi asara da aka bar shi.

Sai an koma Ingila kafin a gane tushen lamarin. Kek ɗin aure na mutanen Ingila a da abu ne mai nauyi da duhu, cike da zabibi da sauran busassun 'ya'yan itace, da man shanu, da ƙwai, da kayan ƙamshi irin su kirfa da kanumfari, sannan a zuba masa barasa. A 1769 wata ƙwararriyar mai girki a garin Mancesta, Elizabeth Raffald, ta buga littafin girki wanda a ciki ta bayyana yadda ake haɗa kek ɗin amarya a lulluɓe shi da farin sukari. A wancan zamani tataccen sukari kaya ne mai tsada, don haka farin da ke jikin kek yana shaida ƙarfin aljihun iyayen amarya. Da Sarauniya Biktoriya ta auri Yarima Albert ranar 10 ga Fabrairun 1840, kek ɗin bikinsu ya kai nauyin kusan kilo 136, an lulluɓe shi da farin sukari, ita ma amaryar farin kaya ta sa. Daga nan fari ya manne wa amarya a idon Turawa, a tufafi da kuma a kan tebur. A zamanin mulkinta, wanda ya kai har 1901, aka saba ganin wani kek na daban mai duhu a gefen na amarya, ana jingina shi ga ango.

Wannan kek na biyu ba a yi shi don a cinye a zauren biki ba. Yankawa ake yi ƙanana, a sa kowane yanki a ɗan akwatin kwali, a ɗaure da zare mai ado, baƙi su tafi da shi gida, a kuma aika wa dangin da nisa ko rashin lafiya ya hana su zuwa. Dalilin da ya sa mai duhun ne ya dace da wannan aiki a bayyane yake ga duk wadda ta san girki. Yawan sukari da busassun 'ya'yan itace suna riƙe ruwan da ke cikin kek ta yadda ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa samun abin rayuwa, barasar da aka jiƙa shi da ita kuma tana ƙara tsare shi. A lokacin da babu firij, kuma saƙo yana kwanaki a hanya, irin wannan kek kaɗai zai iya barin Landan ya isa ƙauye bai yi fumfuna ba. Juriyarsa ta wuce yadda ake zato: a 2021 an sayar da wani yanki daga kek ɗin auren Yarima Charles da Diyana a gwanjo kan fam 1,850, shekara 40 bayan bikin. Mai karatu Bahaushe ba zai rasa gane hikimar ba, domin alkaki da nakiya da dubulan da ake kaiwa gara an zaɓe su ne saboda suna daɗewa, ana iya kasa su a rarraba wa 'yan uwa na kusa da na nesa, kowa ya san an tuna da shi. Akwai ma wani camfi da ya bi akwatin gida: ana cewa budurwar da ta sa yankin kek ɗin a ƙarƙashin matashin kai za ta yi mafarkin wanda zai aure ta. Camfi ne ba shakka, amma yana tabbatar da cewa a gida ake cin wannan kek, bayan taro ya watse.

A Amurka ne bambancin kek ɗin biyu ya fito sarai. A ƙarni na 19 aka fara samun farar fulawa mai laushi da bekin fauda a kasuwa, sai mata suka iya gasa kek maras nauyi, fari ciki da waje, da farin ƙwai zalla ba gwaiduwa. Wannan ya zama na amarya, tsohon mai zabibi da barasa kuwa aka bar wa ango. A Ingila al'adar ta yi ta ja da baya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin daga 1940 har zuwa 1953 sukari da ƙa'ida ake sayar da shi saboda Yaƙin Duniya na Biyu da wahalar da ta biyo bayansa, har ta kai wasu amaren na hayar murfin kwali mai kamannin kek su kifa a kan ɗan ƙaramin da suka iya samu. Wanda bai iya haɗa kek ɗaya ba ina zai samu na biyu? Kudancin Amurka ne ya riƙe al'adar, amma ya sauya mata kama. Cakulan ya yi araha ya maye gurbin zabibi, firij ya shiga kowane gida, bukatar kek mai daɗewa ta kau. A 1989 fim ɗin Steel Magnolias, wanda labarinsa ya gudana a Luwiziyana, ya nuna wa duniya kek ɗin ango da aka yi da siffar amadilo, wata dabba mai ɓawo kamar sulke: wajensa ruwan toka, cikinsa ja wur, ta yadda in an yanka sai ka ce dabbar aka yanka. Mutane da yawa a wajen kudancin ƙasar a wannan fim suka fara jin labarin al'adar.

To wane aiki ya rage wa kek ɗin da ba a kai shi gida? Bikin aure irin na Amurka, bisa tsohon tsari, na amarya ne da iyayenta. Su ke ɗaukar nauyin walima, su ke zaɓen launin kaya da furanni da zaure, ango kuwa yakan zo ne cikin baƙar kwat wadda kusan iri ɗaya ce da ta abokansa. Abin da aka bar wa iyayen ango shi ne liyafar daren jajibiri, bayan an gwada yadda za a shiga coci a tsaya, kuma wasu a nan suke yanka kek ɗin ango maimakon a zauren walima. A gidaje da dama amarya ce ke ba da odar kek ɗin a ɓoye, ta zaɓi ɗanɗanon da ta san mijinta na so da siffar abin da ya fi ƙauna, sai a ranar ya gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A taron da komai ke nuna amarya, ita da kanta ta keɓe wuri ta ce ga mutumin da na aura, ga abin da yake so, na kuma lura da shi. Dangin ango da suka yi tafiya mai nisa suna samun abu ɗaya a zauren da suka gane na ɗansu ne.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa masu sana'ar shirya biki ne ke hura wutar al'adar don su sayar da kek biyu maimakon ɗaya, kuma a ƙarshen dare rabin kowannensu a kwandon shara yake ƙarewa. Gaskiya ne cewa kek mai siffar mota ko filin wasa aikin kwanaki ne, kuɗinsa ma na iya kusantar na amarya, kuma inda abin ya koma gasar wanda zai fi burge mutane a Instagram, sukar ta zauna daram. Amma laifin na girman kek ɗin ne da niyyar mai yinsa. Ko a fim ɗin da aka ambata, gwaggon ango ce ta yi shi. Idan aka ƙidaya baƙi, aka rage hawa ɗaya daga na amarya aka mai da shi na ango, yawan abin da aka toya bai ƙaru ba, sai dai baƙon da ba ya son farin kek ya samu zaɓi. Wasu kuma na cewa aure haɗuwa ce, don me za a raba kek, wannan nata, wannan nasa? Amsar ita ce gidaje biyu ne ke haɗuwa, kuma ba a ƙulla zumunci ta hanyar shafe ɗaya daga cikinsu. Inda nake tare da masu suka shi ne wajen da al'adar ta juya wa baƙi baya. Tsohon kek ɗin yana tuna tsohuwar da ba ta iya tafiya da ɗan uwan da ke wata ƙasa, na yanzu kuwa sau da yawa ango kaɗai yake kallo. Babu abin da zai hana a haɗa biyun, a yi kek ɗin da ango ke so, sannan a kasa shi a ƙananan akwatuna a aika wa waɗanda ba su zo ba.

Ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen Turai da Amurka, ko wanda abokin aiki ya gayyata biki, akwai abin lura. Kek mai zabibi na gargajiya bayan an gasa shi ake tsiyaya masa barasa, sau da dama har na tsawon makonni, don haka wuta ba ta kore ta ba. Wasu masu cakulan ɗin ma ana sa musu. Tambayar masu biki kafin a ci ba abin kunya ba ne, kuma masu gasa kek da yawa suna amfani da ruwan lemo ko shayi ga wanda ya nema.

Al'adar ta sake bayyana a ƙasarta ta asali ranar 29 ga Afrilun 2011, a bikin Yarima Wiliyam da Catherine Middleton. Bayan babban kek mai hawa takwas da Fiona Cairns ta yi, ango ya nemi a yi masa nasa na biskit da cakulan, irin wanda ya saba ci tun yana yaro, wanda ba a ma gasa shi, sanyaya shi ake yi har ya daskare. Kamfanin McVitie's ne ya haɗa shi da biskit kusan 1,700, kuma shi ne kamfanin da ya yi kek ɗin auren kakarsa Elizabet a 1947. A wannan biki ayyukan biyu sun rabu ƙarara. Na angon ya tsaya ne a kan nuna abin da shi yake so. Babban kek ɗin, wanda a ƙarƙashin farin sukarinsa tsohon haɗin zabibi ne, shi aka yanka aka sa a ƙananan gwangwanaye aka rarraba, aka kuma adana wani hawa nasa har zuwa Oktoban 2013, lokacin da aka yanka wa baƙi a bikin baftismar ɗansu na fari, Yarima George.