Riƙon amanar Ramatulaye: so ne ko haƙuri?

Ƴan uwana mata, akwai wani littafi da ya kamata mu san labarinsa ko da ba mu jin Faransanci. Sunansa Une si longue lettre, wato doguwar wasiƙa. Mariama Ba, wata malamar makaranta ƴar Senegal, ita ta rubuta shi. Ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980, ita kuwa Allah ya yi mata rasuwa a 1981.

Littafin wasiƙa ce da Ramatulaye take rubuta wa aminiyarta Aisatu tana cikin takaba a Dakar. Auren so ta yi da Modu Fal. Uwarta ta fi son ta auri wani likita, Dauda Diyeng, ita ta ce sai Modu. A tunaninta, tunda su suka zaɓi juna, kuma kowa na kawo albashi gida, tsufa ma tare za su yi shi.

Bayan shekara 25 da ɗiya 12, sai ga liman da wan mijin da abokinsa sun yi sallama, wai Modu ya ƙara aure yau. Amaryar kuwa Binetu ce, ƙawar babbar ɗiyarta Daba. Ramatulaye ta haɗiye, ta zauna, ta shirya zaman kishi kamar yadda addini ya tsara. Rabon kwanan ma ba ta samu ba. Modu ya ɗauke ƙafa ɗungum, ba ci ba sha, har ya rasu bayan shekara 5.

To, me ya zaunar da ita? Ba rashin abin yi ba ne, tana da aikinta. Ta kuma ga Aisatu, wadda da aka yi mata kishiya ta kwashe ɗiyanta 4 ta fita, ta ƙaro karatu, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka, har ta saya wa Ramatulaye mota. Ɗiyarta Daba ma cewa ta yi ta rabu da shi. Amsar da ke cikin littafin mai nauyi ce: har lokacin tana son mutumin, kuma ba ta iya hango rayuwarta ba tare da aure ba.

Amma kada ku ɗauka mace ce marar baki. Ranar sadakar arba'in, Tamsir, wan mamacin, ya ce zai aure ta in ta fita takaba. Nan ta wanke shi tas a gaban liman, ta nuna mishi ita ba kayan gado ba ce. Sai Dauda ya dawo, mutumin kirki, mai hali, har ya zama ɗan majalisa. Shi ma ta ƙi. Girmama shi take yi, ba sonsa ba, kuma ba za ta shiga tsakaninsa da matarsa Aminata ba, tunda ta san ɗacin abin. Kun ga ashe amanar ba ta Modu kaɗai ba ce. Abin da ta yarda aure ne take karewa, ko da zai bar ta ita ɗaya.

Wurin da ya fi taɓa mu, mu masu asusu, shi ne ranar da aka buɗe takardun mamaci don rabon gado. Gidan da suke ciki, da kuɗin da suka tara su biyu aka same shi, amma sunan Modu ne a takarda. Ya jinginar da shi a banki, ya ci bashi, ya kashe wa amarya da uwarta, har da kujerar Makka. Gumin uwargida ya yi wa kishiya hidima ba da saninta ba.

Ba a ce kada mace ta so mijinta ba, ba a kuma ce mai haƙuri wawuya ce ba. Ramatulaye da Aisatu kowa ta bi hanyarta, ba wadda ta zargi ƴar uwarta. Sai dai so daban, takarda daban. Wadda ta zuba kuɗin rabon asusu a fili, ko gini, ko dabba, ta tabbata an rubuta sunanta a gaban shaidu tun ana dariya.

A taro mai zuwa, a samu yarinya mai Faransanci ta karanta muku wani sashe ta fassara, sannan ku tattauna: da Ramatulaye ƴar ƙungiyarku ce, wace shawara za ku ba ta ranar da liman ya yi sallama?