Irin Gado da Lokacin Shukarsa

A ƙauyukan ƙasar Hausa da wuya a sami gidan da ba shi da 'yar garka a bayan ɗaki, inda a kan shuka kuɓewa da yakuwa da kabewa da barkono, da ɗan wake a gindin danga. Irin da a ke shukawa a nan ba saye a kan yi ba. Tsohuwar gida ita ta kan zaɓi kuɓewar da ta fi kyau, ta ɗaura mata tsumma don kada yara su tsinke, ta bar ta ta bushe a jikin uwarta, sa'an nan ta soke ta a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai kore ƙwari. Wannan shi mu ke kira irin gado, watau wanda in an shuka shi ɗan ya kan gaji uban, shekara da shekaru.

Irin aure da a ke sayarwa cikin takarda ba haka ya ke ba. Shukar fari ta kan yi albarka ƙwarai, amma kadan aka ɗebi iri daga cikinta 'ya'yan sai su fito dabam dabam, wani ya ɗebo wannan kaka, wani waccan. Wani malamin coci mai suna Mendel ya bayyana dalilin haka tun 1866. Saboda haka mai irin aure kowace shekara sai ya koma kasuwa.

To, abin da mu ke so mu jawo hankali a kai shi ne, kowane irin gado yana da lokacinsa, wanda ya gaji irin kuwa bai gaji lokacin ba, rabi ya samu. A 1920 waɗansu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka lura da wata taba wadda ta kan yi ta girma ba fure muddin yini yana da tsawo. Da suka riƙa shigar da ita ɗaki mai duhu tun rana ba ta faɗi ba, sai ga fure. Ashe tsire-tsire da yawa suna auna tsawon yini, ko kuwa mu ce na dare, gama daga baya an gane daren su ke aunawa.

Mai karatu ya iya cewa ai mu nan yini da dare kusan ɗaya su ke. Gaskiya ne, a Kano yinin watan Yuni kimanin awa 12 da minti 50 ne, na Disamba kuwa awa 11 da minti 25. Amma wannan ɗan bambanci ya ishi yakuwa. Ko an shuka ta a Yuni ko a Agusta, ba ta fure sai yini ya soma raguwa wajen kaka. Wadda aka shuka da wuri ta riga ta yi tsawo ta yi rassa, sai ta ba da zoɓo mai yawa da 'ya'yan da za a yi daddawar batso. Ta baya kuwa furen ya kan riske ta tana 'yar guntuwa, ban da ganyen miya ba a samun abin kirki. Waken kanannado shi ma haka: ya kan yi ta yaɗo duk damina, sai ruwa ya kusa ɗaukewa ya yi fure, ya nuna da raɓa da sauran laimar ƙasa. Kakanninmu ba su san awa da minti ba, amma zaɓen da suka yi ta yi shi ya daidaita wannan wake da ƙarshen daminarmu.

Albasa ita tsawon yini ta ke jira kafin ta yi kai. Irin Ingila yana bukatar yinin awa 14 ko fiye, abin da ba ya faruwa a nan ko kusa, don haka wanda ya shuka shi lawashi kaɗai zai girba. Tamu, kamar ta Galmi da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, gajeren yini ya ishe ta. A kan zuba irinta wajen Oktoba, a dasa da shigowar ɗari, a cire wajen Maris. Amma fa irin albasa ba ya jimre ajiya, in ya wuce shekara yawancinsa ya mutu. Kafin a zuba, a ƙirga ƙwaya 10 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 10 a buɗe a ga nawa suka tsira.

Babban haɗarin irin gado ruwan farko ne. A kan yi ruwa ɗaya mai ƙarfi a bazara, kowa ya fita da sungumi, sa'an nan fari ya biyo baya, tsiron ya ƙone. Mai irin kanti hasararsa kuɗi ce. Mai irin gado, kadan ya juye gorarsa duka, ya hallaka abin da ba a sayarwa ko'ina. Ya kamata a raba shi uku: kashi ɗaya a shuka, ɗaya na maimai, ɗaya kuwa a gauraya da toka a toshe cikin gora, kada a taɓa sai an ga amfanin bana a hannu.

Cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 tana ajiye da wake wajen iri 15,000 a ɗakunan sanyi, kowanne da takardar inda aka samo shi. Mu da za mu fita koyarwa, aikin da za mu iya ya fi wannan sauƙi. Kowace makarantar da ke da lambu a sami littafi guda. Yaro ya zo da iri daga gida, a rubuta sunan da tsofaffi ke kiransa da shi, da garin, da lokacin da suka ce a kan shuka. Sa'an nan a rubuta ranar shuka, da ranar fure, da ranar girbi, shekara uku a jere, a gwada da abin da tsofaffin suka faɗa.