Ɗigo 1,728: Lissafin Mayar da Hoto Takardar Faks

Injin faks ya yi wuyar gani a Jega da Aliero da Maiyama. A da, da layin NITEL yake aiki, kuma tun zuwan wayar salula a 2001 layin ya yi ta ja da baya. Sai dai lissafinsa bai mutu ba. Duk yaron shagon kwamfuta da ke kusa da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, in ɗalibi ya miƙo sakamakon NECO ya ce "a rage mini nauyinsa ya shiga", dabarar faks yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙa'idar da aka amince da ita a 1980, wadda ake kira T.4, ta ce kowane layi a faɗin takardar A4 ɗigo 1,728 ne. A tsaye kuwa zaɓi biyu aka fi amfani da su: layi 98 a kowane inci, ko 196 in ana son rubutu ya fito tas. Takardar A4 a ma'auni na biyu tana ɗaukar layi wajen 2,290. In ka ninka, ɗigo kusan miliyan 4 ke nan. Kowane ɗigo baƙi ne ko fari, babu ruwan toka, balle ja ko shuɗi, saboda haka bit ɗaya ya ishe shi. Jimilla kilobait 495.

To, dubi hoton waya mai ɗigo miliyan 12. Kowane ɗigo nasa bit 24 yake ci saboda launi, wato megabait 36 kafin a matse shi. Ko ya dawo megabait 3 a JPEG, faks mai gudun bit 14,400 a daƙiƙa sai ya yi kusan minti 28 yana aika shi. Shi ya sa dole a zubar da launi, a daidaita faɗin zuwa 1,728, a ajiye a fayil ɗin TIFF.

Ko kilobait 495 ɗin ma minti huɗu da rabi ne a waya. Abin da ya ceci faks shi ne yawancin takarda fari ne fat. Maimakon injin ya faɗi "fari" sau 1,728, sai ya aika gajeriyar lamba mai nufin layin duka fari ne, bit 17 kacal. Tushen wannan dabarar aikin David Huffman ne na 1952. Da ita wasiƙa ta yau da kullum ke wucewa cikin ƙasa da minti ɗaya.

Inda ake yin ɓarna shi ne wurin yanke hukuncin ko ɗigo baƙi ne ko fari. Kwamfuta tana auna hasken ɗigo daga 0 zuwa 255, yawanci ta ja iyaka a 128: na ƙasa ya zama baƙi, na sama ya zama fari. Ɗauki takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukumar Maiyama. Rubutun injin zai fito raɗau, amma hatimin da tawadarsa ta koɗe yana iya faɗawa sama da 128 ya ɓace ɗungurungum, alhali shi ne ƙarfin takardar. In kuma da waya aka ɗauka, inuwar hannun mai ɗauka sai ta zama baƙin tabo a kan sa hannun. Maganinsa haske mai kyau, a shimfiɗa takardar sosai, a ɗaga iyakar zuwa sama kaɗan har hatimin ya bayyana.

Hoton fasfo kam, a ganina kada a kusantar da shi wannan hanya. Ko dai fuskar ta zama dunƙulen baƙi, ko kwamfuta ta warwatsa ɗige-ɗige don kwaikwayon ruwan toka. Wannan watsin yana rusa matsin gaba ɗaya, domin babu sauran dogon fari da za a taƙaita, har fayil ɗin yana iya fin kilobait 495 ɗin nan na asali. A bar fuska a JPEG, a rage faɗinta kawai.