Idan ɗan haya ya lalata gida a Lome, wa zai biya?

Tun da aka tashi Zongon Lome daga tsakiyar gari zuwa Agoè a 1977, gidajen haya ke karɓar fatake da direbobin da ke jiran kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Nijar. Wani ya kama ɗakin kwana ya mayar da shi sito, ya tashi ya bar daɓe a farfashe, ƙofa a ɓalle.

Abu na farko da mai gida zai taɓa shi ne kuɗin ajiya. Dokar da gwamnatin Togo ta fitar a Janairun 2022 ta hana ya wuce hayar wata uku a Lome da kewayenta. Sai dai wanda bai rubuta halin ɗaki ranar ba da makulli ba, da hotuna da sa hannun ɗan haya, da wace hujja zai riƙe kuɗin? A nan masu gidajenmu ke yawan faɗuwa, don sun saba da amana ta baki.

Inshora kuwa ba ta biyan tsufan fenti ko famfon da ya gaji. Gobara da ɓarnar ruwa take ɗauka, in suna cikin yarjejeniya. Togo na bin dokar inshora ta ƙungiyar CIMA, wadda aka kafa a Yawunde a 1992: sai an biya kuɗin inshora kariya ke fara aiki, kuma wa'adin sanar da kamfani ɓarnar da ta faru ba ya gaza kwana biyar na aiki, na sata awa 48. Kada a gyara komai kafin mai kimanta ɓarna ya zo ya gani.