Led Zeppelin a 1973: filaye sun cika maƙil, muryar Robert Plant ta fara dishewa

Ranar 5 ga watan Mayun 1973, mutum 56,800 suka cika filin wasan ƙwallo na birnin Tampa da ke Amurka don kallon ƙungiyar mawaƙan rock ta Led Zeppelin. Adadin ya zarce na taron da Beatles suka yi a filin Shea na New York a 1965. Mawaƙan huɗu ƴan Ingila sun kai matsayin da har jirgin sama na musamman suka ɗauka haya, suna kwashe kusan awa uku suna wasa, babu wata ƙungiyar da ke share musu fage.

Sai dai mai rera musu waƙa, Robert Plant, yana da shekara 24 kacal, ya riga ya fara rasa abin da aka san shi da shi: siririyar muryar nan mai hawa sama wadda ke ratsa ƙarar jita da ganguna.

A farkon Janairun shekarar, motar da yake ciki ta lalace cikin hunturu a hanyar Sheffield, mura ta kama shi. Ya hau dandali a haka, daga baya dole aka ɗage wasu wasannin. Amma murar ta tarar da maƙogwaro a gajiye ne. Tun ƙarshen 1968 suke yawo kusan babu hutu. Tantani biyu ne a maƙogwaro ke karkaɗawa su fitar da sauti. In ana tilasta musu kullum sai su kumbura, har su yi kanta irin ta hannun manomi. Mai jita yana iya sauya tsirkiya in ta tsinke, mawaƙi ba shi da wannan gata.

Masu sauraron faifan wasannin wancan lokaci suna jin bambancin. An daina rera "Immigrant Song" a dandali, a wasu waƙoƙin kuma Plant ya koma bi ta ƙasa a inda da yake hawa. Ana jin haka a wasanni uku na Madison Square Garden a ƙarshen Yuli, waɗanda aka ɗauka a fim. Daga baya shi da kansa ya ce an yi masa tiyata a maƙogwaro, kuma a 1974 ƙungiyar ba ta fita yawon wasa ba.

Jama'a dai ba su guje su ba. A 1977, bayan ciwon maƙogwaronsa ya jinkirta fara yawon, mutum 76,229 suka hallara a Pontiac. Ƙungiyar ta watse a 1980 bayan rasuwar makaɗin gangarta, John Bonham.

Plant bai daina waƙa ba, salo ya sauya. A 2003 ya zo har Essakane, kusa da Tumbuktu a Mali, ya yi wasa a bikin hamada na Abzinawa. Da suka sake haɗuwa a Landan a 2007, sai da aka saukar da sautin waƙoƙi da dama don su dace da muryarsa.