Abin da Masana Ke Nema a Jikin Tsutsar Tsargiya

Iyaye a Minanata da sauran unguwannin Sakkwato ba sa bukatar a yi musu bayanin tsargiya. Yaro ya je wanka a gulbin Rima ko a wani tafki lokacin damina, bayan 'yan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsutsar da ke jawo haka tana fitowa ne daga jikin dodon koɗi, ta huda fata, ta zauna a jijiyoyin mafitsara. A nan take shekaru, sojojin jiki suna ganinta amma sun kasa korarta. Wannan zaman lafiyar da ta samu shi ya ɗauki hankalin masana.

Dalili kuwa, akwai ciwon hanji iri biyu, Crohn da ulcerative colitis, waɗanda garkuwar jiki ce da kanta ke far wa hanjin mai ita. Hanji ya kumbura, ya yi gyambo, sai gudawa da jini da majina da rama, ciwon ya lafa ya dawo. An lura ya fi yawa a Turai da Amurka, inda aka daɗe da rabuwa da tsutsar ciki. Sai likita Joel Weinstock na Jami'ar Iowa ya ce wataƙila tsutsar ce ke kwantar da garkuwar, domin tana fitar da wasu sinadarai da ke ƙarfafa ƙwayoyin da aikinsu tsawata wa sauran sojojin jiki.

Shi da abokan aikinsa suka shayar da masu Crohn 29 ƙwayayen wata tsutsar hanjin alade, guda 2,500 duk mako uku. A rahotonsu na 2005, ciwon ya lafa wa mutum 21. Duniya ta ɗauka. Amma da aka yi manyan gwaje-gwaje a Amurka da Turai, wajen 2013, sai aka ga waɗanda suka sha ƙwan ba su fi waɗanda aka ba ruwan banza samun sauƙi ba. Mu dai nan ko ya yi aiki, da sai malamai sun zauna a kan batun aladen.

Daga nan bincike ya karkata ga sinadaran, aka bar tsutsar. Mai neman zuma ba ya kai ƙudan cikin ɗakinsa. A Ostiraliya, Alex Loukas na Jami'ar James Cook yana nazarin abin da wata tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa ke fitarwa, kuma wasu sinadaranta sun rage kumburin hanji a jikin ɓeraye. Na tsargiya ya fi ban mamaki. Masana a Lille ta Faransa sun haɗa wani sinadarinta mai suna P28GST da niyyar yin rigakafi, aka gwada shi a kan yara 250 a Senegal, bai hana su kamuwa ba. Sai Monique Capron da tawagarta suka juya shi ga Crohn, suka yi wa marasa lafiya kaɗan allurarsa. Jikinsu ya karɓa, wasu sun ji dama. Gwajin ya yi ƙanƙanta, har yanzu babu irin wannan magani a kanti ko asibiti.

Kada wani ya ji wannan ya hana ɗansa maganin tsutsa da ake rabawa a makarantu. Tsutsar ciki na shan jinin yaro ta tsumbure shi, tsargiya kuwa na lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga ciwon daji.

Shi kansa gyambon hanjin akwai shi a Najeriya, sai dai yakan ɓuya a bayan sunan atini ko basir, a yi ta jiƙe-jiƙe. Wanda ya yi watanni yana bayan gida da jini yana ramewa, ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai an gwada bayan gida an tabbatar ba atini ba ne, an kuma leƙa hanjin da na'ura an ɗebo ɗan nama an duba, sannan ake bambanta shi da tarin fuka na hanji, wanda alamunsa suka yi kama da na Crohn ƙwarai.