Gwarancin Jariri a Ƙarshen Shekarar Farko: Abin Lura ga Masu Nazari da Masu Tsara Yaƙi da Jahilci a Adar

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da suna ga kowane matakin girman jariri: zama, rarrafe, tsayuwa, tafiya. Haka nan yana lura da fitowar haƙori da ƙyuya, wato lokacin da yaro yake ƙin baƙuwar fuska. Amma gwaranci, galibi wasa ake ɗaukarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa gwaranci matakin koyon harshe ne, kuma ma'auni ne na lafiyar kunne.

2.0 Matakan jiki

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon binciken da ta yi a ƙasashe 5, ciki har da Gana. An ga cewa lafiyayyun yara sukan zauna da kansu tsakanin wata 4 da 9, su tsaya ba tare da dafa kome ba tsakanin wata 7 da 17, su yi tafiya tsakanin wata 8 da 18. Ke nan yaron da ya cika shekara bai taka ba, bai makara ba.

3.0 Baki da kunne

Tsakanin wata 6 da 10 yaro yakan fara maimaita gaɓa mai baƙi da wasali, kamar ba-ba-ba ko ma-ma-ma. Roman Jakobson ya yi bayani a 1960 cewa daga irin waɗannan gaɓoɓi ne harsuna da yawa suka samo sunayen iyaye. Hausa ta tabbatar da haka: baba, mama, dada, nana.

Kunne kuwa yana gaba da baki. A 1984 Janet Werker da Richard Tees sun gwada jariran Kanada waɗanda Turanci ake yi musu a gida. Sun jiyar da su sautukan Hindi, da wasu biyu na wani harshen ƴan asalin ƙasar masu kama da ƙ ta Hausa. Yawancin ƴan wata 6 zuwa 8 sun rarrabe su, amma a cikin ƴan wata 10 zuwa 12 kaɗan ne suka iya. Wato kafin kalmar farko ta fito, kunnen yaro ya fara karkata ga sautukan harshen da yake ji kullum.

Ga ɗan Bahaushe aikin ya haɗa da b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, da tsawon wasali, da karin sauti. Kalmar baba ta isa misali: da kari ƙasa-sama uba ce, da sama-ƙasa ƴar'uwar uba, da sama-sama kuwa tsiron rini.

4.0 Halin Adar

Abin da jaririn Tawa, ko Keita, ko Buza yake ji a bayan uwarsa Adaranci ne, karin harshen da Bernard Caron ya bayyana nahawunsa a 1991. Yana jin hwari a maimakon fari, hita a maimakon fita, na da ta a maimakon ne da ce. Daga arewa kuma, wajen Abalak, Hausa tana maƙwabtaka da Buzanci da Fulatanci, har yaro yakan tashi da harshe biyu. Wannan ba ya jinkirta fara gwaranci.

Abin da yake jinkirta shi kurunta ce. Oller da Eilers sun nuna a 1988 cewa jarirai masu ji sun fara maimaita gaɓa kafin su wuce wata 10, kurame kuwa sai bayan haka. Adar tana cikin yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa, cutar da takan bar yaro da kurunta.

5.0 Shawarwari

(a) Littattafan karatun mata su ƙunshi darasi a kan gwaranci, kusa da na shayarwa da yaye.

(b) Darasin ya faɗa a fili: yaron da ya wuce wata 10 bai fara ba-ba ko ma-ma ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, a kai shi likita a duba kunnensa. Zuwan rigakafin ƙyanda na wata 9 dama ce ta yin wannan tambaya.

(c) A rubuta da daidaitacciyar Hausa, amma malami ya yi bayani da lafazin wurin.

(d) Masu nazari su ɗauki muryoyin jarirai ƴan wata 8 zuwa 14 tare da iyayensu mata, su lura da lokacin da karin sauti da baƙaƙe masu ƙugiya suke bayyana.

6.0 Kammalawa

Uwa ce take fara jin gwarancin ɗanta, ita ce kuma za ta fara lura idan bai zo ba. Aikin mai tsara littafi shi ne ya sanar da ita watan da ya kamata ta sa kunne.